Tun ran gini, tun ran zane: karatun tsara birane da aikin da ke jiran ɗan Damagaram

A daminar shekarar 2024, ruwan sama ya yi ɓarnar da aka daɗe ba a ga irinta ba a Jamhuriyar Nijar. Bisa ƙididdigar hukuma, kusan mutum 400 ne suka rasa rayukansu, ambaliyar kuma ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi. Sai da gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga watan Oktoba, domin azuzuwa da yawa sun rushe, waɗansu kuma sun zama masaukin waɗanda suka rasa gidajensu. A birnin Zinder, a farkon watan Satumba na wannan shekara, tsohon masallacin unguwar Birni, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi bayan ruwa mai yawa.

Ruwan sama ba ya hannun kowa sai Allah. Amma inda aka yanka filaye, da inda aka bar wa ruwa hanya, da inda aka toshe ta da gini ko da juji, duk aikin mutane ne, kuma akwai karatu na musamman da ake yi a kansa. Idan kai ɗalibi ne daga Hamdara ko wani gari na gundumar Mirya, kana shirin jarrabawar bakaloriya ko ka riga ka ci ta, wannan bayani zai taimake ka ka gane karatun tsara birane, da inda ake yin sa, da irin aikin da yake kaiwa gare shi, da kuma wahalhalun da ke tattare da shi.

Mene ne aikin mai tsara birane?

Mutane da yawa suna haɗa shi da mai zanen gidaje ko injiniyan gine-gine. Ayyukan suna da dangantaka, amma kowa da fagensa. Mai zanen gidaje yana kula da gini ɗaya. Injiniya yana lissafin ƙarfin gada ko kwalta ko bututu. Shi kuwa mai tsara birane, garin baki ɗaya yake kallo. Shi ne ke ba hukuma shawara a kan inda ya dace a buɗe sabuwar unguwa, da faɗin hanyoyinta, da filin da za a keɓe wa makaranta da asibiti da kasuwa da maƙabarta, da wurin da bai kamata a yi gini ba ko da masu kuɗi sun matsa. Yana aiki da taswira da ƙididdiga da doka, kuma yana aiki da mutane: mai unguwa, da mai gona, da makiyayi, da 'yar kasuwa, da ɗan kabu-kabu.

Abin da ya bambanta aikinsa shi ne tsawon lokaci. Gidan da aka gina ba daidai ba ana iya rushe shi a sake. Unguwar da aka yanka ba tare da hanyar ruwa ba kuwa, jikokin mazaunanta ma za su gaji matsalarta, domin gyaranta yana bukatar tashin mutane da biyan diyya, abin da ƙananan hukumomi ba su cika samun kuɗinsa ba.

Abin da tarihin Zinder ke koya maka

Kada ka ɗauka Turawa ne suka kawo tsara gari ƙasar Damagaram. Sarki Tanimu, wanda ya yi mulkinsa mai tsawo daga 1851 zuwa 1884, ya ƙarfafa ganuwar Birni da ƙofofinta, ya mai da Zinder babbar cibiyar ciniki tsakanin Kano da Agadas da ƙasashen arewacin Sahara. A cikin ganuwa akwai fada da masallaci da unguwannin sarakuna da masu sana'a. A waje kuma akwai Zango, masaukin ayari da fatake. Wannan rabo tsari ne da aka yi da tunani, bisa bukatun tsaro da kasuwanci na wancan zamani.

Da Faransawa suka kama garin a 1899, sai suka kafa barikinsu da ofisoshinsu, aka sami sashe na uku mai miƙaƙƙun hanyoyi. Zinder ta zama hedikwatar mulkinsu daga 1911 har zuwa 1926, lokacin da aka mai da ita Yamai. Ɗaya daga cikin dalilan da ake bayarwa shi ne ƙarancin ruwan sha. Garin yana zaune ne a kan dutse, ruwan ƙarƙashin ƙasa kaɗan ne, shi ya sa har yau daga nesa ake jawo masa ruwa, daga rijiyoyin Gogo da Macaya a kudu, da na Arunguza da Ganaram a arewa. Dutsen nan da ya hana garin ruwan rijiya da rani, shi ne kuma ke hana ruwan sama nutsewa da damina, sai ya kwarara cikin unguwanni ya taru a tafkuna da kududdufai. Duk wanda zai tsara Zinder sai ya riƙe waɗannan matsaloli biyu tare.

Akwai darasi na uku. Unguwar Kara-Kara ta samo asali ne a matsayin wurin da aka keɓe kutare da sauran waɗanda gari ya ƙi. Shekaru da yawa bayan haka, fim ɗin Aisha Macky mai suna Zinder, wanda ya fito a 2021, ya nuna yadda matasan unguwar ke fama da rashin aiki da tashin hankali. Shawarar da aka yanke a kan inda waɗansu mutane za su zauna, da abin da za a kai musu ko a hana su, tana bin zuriyarsu.

Lissafin da ba ya jira

A ƙidayar 1977, mazauna birnin Zinder sun kai kimanin 54,000. A ƙidayar 2012 sun haura 235,000, wato sun ninka fiye da sau huɗu cikin shekara 35. Idan aka haɗa da ƙauyukan da ke ƙarƙashin hukumar birnin, adadin ya kai 322,935. Jihar Zinder baki ɗaya tana da fiye da mutum miliyan uku da rabi a wannan ƙidaya, ita ce ta fi kowace jiha yawan jama'a. Tsakanin 2001 da 2012, al'ummar Nijar tana ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a kowace shekara. A irin wannan gudu, jama'a na ninkawa cikin kusan shekara 18.

Ma'anar wannan a gare ka ita ce: rabin gidaje da hanyoyi da makarantun da jihar za ta bukata lokacin da za ka kai tsakiyar shekarun aikinka, ba a gina su ba tukuna. Za a gina su, da tsari ko babu tsari. Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 a arewacin birnin ta ƙara jawo ma'aikata da manyan motoci. Shirin Zinder Sabuwa, wanda aka yi domin bikin ranar Jamhuriya ta 18 ga Disamba 2018, ya kawo kwalta da sababbin gine-gine. Amma aikin biki na shekara ɗaya ba ya maye gurbin kulawa ta kullum, wadda sai da ma'aikata masu ilimi a kowace hukuma.

Akwai kuma batun yankan filaye. Da yake harajin da ƙananan hukumomi ke tarawa kaɗan ne, sayar da filaye ya zama musu hanyar samun kuɗi mafi sauƙi. A farkon shekarun 2000, gwamnati kanta ta biya waɗansu ma'aikata bashin albashinsu da filaye. Sakamakon haka shi ne gari yana faɗaɗa a takarda, ana cinye gonaki, amma famfo da wuta da magudanun ruwa ba sa biyo baya, mazauna sababbin unguwanni kuma su dogara ga 'yan garuwa, su sayi ruwa da tsadar da ta fi ta mai famfo a gida. Dokar tsara birane mai lamba 2017-20, ta watan Afrilu 2017, ta shimfiɗa ƙa'idojin da ya kamata a bi. Doka kuwa ba ta aiki da kanta, sai an sami wanda ya san ta kuma ya tsaya a kanta.

To, ina ruwan Hamdara?

Wataƙila ka ce Hamdara ƙaramar hukumar karkara ce, ta manoma gero da dawa da wake da gyaɗa da masu kiwo, me za a yi da mai tsara birane a can? Amsa ita ce, a Nijar ana koyar da tsara birane ne tare da tsara ƙasa baki ɗaya, kuma tambayoyin karkara ba su fi na birni sauƙi ba.

Dokokin raba iko na 2002 sun kafa ƙananan hukumomi 265, aka yi zaɓensu na farko a watan Yuli 2004. Tun daga nan, ana bukatar kowace ƙaramar hukuma ta mallaki kundin tsarin ci gabanta, wanda ake kira PDC, inda za a rubuta ƙauyen da ya fi bukatar rijiyar burtsatse, da inda za a kafa ɗakin shan magani, da hanyar da za a fara gyarawa. Masu ba da tallafi su kan nemi ganin wannan kundi kafin su sa kuɗinsu. Sau da yawa ana ɗauko ƙwararru daga Yamai ko Zinder su rubuta shi cikin 'yan makonni, su koma. Ɗan ƙasa wanda ya san wace fadama ce ke cika da ruwa, kuma ya iya taswira, ya fi su amfani.

Haka kuma dokar karkara ta 1993, wadda aka fi sani da Code Rural, ta kafa kwamitocin filaye a matakin gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauye. Aikinsu shi ne ba da takardun shaidar gona, da shata burtali da makiyaya da mashaya, domin a rage rikici tsakanin manomi da makiyayi. A ƙasar Mirya da Magarya da Matamai, inda jama'a suka yi yawa kuma manoma suka raya itatuwan gawo a gonakinsu har duniya ta san da aikinsu, kowane taƙi na ƙasa yana da mai shi. Ƙauyukan da ke bakin babbar hanyar da ta tashi daga Zinder ta bi ta Mirya zuwa Gidimuni da Gure suna girma, kasuwanninsu suna cin hanya, masu kuɗin birni suna sayen gonaki. Lokacin da ya fi dacewa a keɓe filin makaranta da hanyar ruwa shi ne yanzu, tun ƙasa tana da araha kuma ba a yi gini a kai ba.

Ina ake yin wannan karatu?

Sa'ar da kake da ita ita ce makarantar tana kusa da gida. A 2008 aka buɗe cibiyoyin koyon fasaha na jami'a guda uku, waɗanda ake kira IUT, a Maraɗi da Tawa da Zinder, kowace da fannin da aka ba ta. Tsara ƙasa da birane yana cikin rabon Zinder. A 2010 aka kafa Jami'ar Zinder, wadda yanzu ke ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou, cibiyar kuma ta shiga ƙarƙashinta. A nan ana koyar da awon ƙasa, jami'ar kuma tana da sashen labarin ƙasa. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ita ma tana da tsohon sashen labarin ƙasa, wanda ya fitar da masu bincike da yawa a kan birane da ambaliya.

Jami'o'in Nijar suna bin tsarin matakai uku: lisans bayan shekara uku, masta bayan ƙarin shekara biyu, sai digirin dakta. Mai lisans ya kan fara a matsayin ma'aikacin fasaha, mai awo da zane da tattara bayanai. Mai masta ne aka fi ba jagorancin nazari da rubuta kundin tsarin gari.

A waje, akwai makarantar EAMAU da ke Lome a ƙasar Togo, wadda aka buɗe a 1976. Mallakar ƙasashen Afirka 14 ce, ciki har da Nijar, tana koyar da zanen gine-gine da tsara birane da tafiyar da harkokin birni, kuma ana shiga ne ta hanyar jarrabawar gasa. Wanda hankalinsa ya fi karkata ga ruwa da tsabtar muhalli zai iya duba cibiyar 2iE ta Wagadugu. A Nijeriya kuma, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano suna da sashen tsara birane da yankuna, inda digirin farko ke ɗaukar shekara biyar da harshen Ingilishi. Ka tuna Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a watan Janairu 2025, saboda haka ka binciki sharuɗɗan zama da na daidaita takardun shaida kafin ka ɗaura niyya.

Me za ka koya?

Darussan sun kasu gida huɗu. Na farko shi ne sanin ƙasa: yanayi, da irin turɓaya, da yadda ruwa ke gudu. Na biyu shi ne kayan aiki: awon ƙasa, da zanen taswira, da ƙididdiga, da sarrafa hotunan tauraron ɗan Adam a kwamfuta. Na uku shi ne doka da mulki: dokar filaye, da ta gine-gine, da kasafin kuɗin ƙananan hukumomi. Na huɗu shi ne sanin jama'a: yadda ake yin tambayoyi gida-gida, da yadda ake jagorantar taro har a cim ma matsaya.

Ba sai ka zama gwanin lissafi na ƙin ƙarawa ba, amma wanda ke gudun lissafi da kwamfuta zai sha wuya. Haka wanda ba ya son rubutu, domin rabin aikin rahoto ne. Hausarka ma jari ce. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ko ba don haka ba, tsarin da ba a iya bayyana wa dagaci da talakawansa da harshen da suke ji, ba zai wuce aljihun tebur ba.

Ina aikin yake?

Na ɗaya, hukumomin gwamnati: ma'aikatar da ke kula da tsara birane da gidaje da rassanta na jihohi, da hukumar taswira ta ƙasa IGNN, da ofishin rajistar filaye.

Na biyu, ƙananan hukumomi da manyan birane. Birnin Zinder kaɗai yana da gundumomi biyar, kowace da matsalolin filaye da shara da kasuwanni.

Na uku, kamfanonin ruwa da wuta da gidaje irin su SPEN da NIGELEC da SONUCI, waɗanda ke bukatar masu iya sa bututu da turakun wuta da filaye a taswira.

Na huɗu, ayyukan raya ƙasa da ƙungiyoyin agaji. A 2022 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 250 domin shirin PIDUREM na raya birane da kare su daga ambaliya. Irin waɗannan shirye-shirye suna ɗaukar masu taswira da masu bibiyar aiki da masu tantance diyya.

Na biyar, ofisoshin nazari da na awon filaye masu zaman kansu, inda matasa da yawa ke fara koyon aiki kafin su buɗe nasu. Na shida kuma koyarwa da bincike, ga wanda ya kai matakin dakta.

Abubuwan da ya kamata ka sani tun yanzu

Bukatar aiki daban, kuɗin biyan ma'aikaci daban. Gwamnati ba ta ɗaukar ma'aikata a kai a kai, kuma masu digiri da yawa suna farawa ne da hidimar ƙasa ko aikin kwantaragi. Ƙananan hukumomin karkara da yawa ba su da ƙarfin riƙe ƙwararre na dindindin. Ayyukan masu tallafi kuma suna tafiya da siyasa: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙasashe da hukumomi da dama sun dakatar da taimakonsu, ayyuka suka tsaya cak na wani lokaci. A watan Afrilu 2024 an rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi da na birane da na jihohi, aka naɗa masu riƙo a madadinsu. Shugabanni suna canzawa, amma kundin filaye da taswirar magudanun ruwa suna nan suna bukatar mai kula da su.

Jarrabawa mafi girma ita ce ta amana. Harkar fili harkar kuɗi ce. Wata rana za a zo maka da buƙatar a mai da filin makaranta filin sayarwa, ko a sa hannu a kan yanka a cikin kwari, kuma mai buƙatar yana iya zama babba ko ɗan'uwa. Idan ka amince, ba ranar za a ga ɓarnar ba, sai daminar da ruwa ya dawo neman hanyarsa. Wanda ya san ba zai iya cewa a'a cikin ladabi ba, gara ya zaɓi wani fanni.

Shawarwari kafin ka yanke hukunci

1. Ka je jami'ar da ƙafarka, ka tambayi ofishin rajista sharuɗɗan shiga na bana da irin bakaloriyar da ake karɓa. Kada ka dogara da jita-jita.

2. Ka binciki tallafin karatu a hukumar ANAB, ka kuma yi lissafin kuɗin masauki da abinci da kwamfuta tare da iyayenka tun kafin ka tafi.

3. Lokacin hutu, ka nemi izini a ofishin ƙaramar hukumarku ka karanta kundin PDC, ka kuma zauna da sakataren kwamitin filaye ka ga yadda ake rubuta takardar gona.

4. Ka fara koyon manhajar QGIS, wadda kyauta ce, ka gwada sa ƙauyenku a taswirar OpenStreetMap: rijiyoyi, da makarantu, da burtali, da wuraren da ruwa ke kwanciya. Mai ɗaukar ma'aikata ya fi yarda da taswirar da ka zana da hannunka a kan maki da ke takarda.

5. Ka haɗa fanninka da wata ƙwarewa ta biyu, kamar awon ƙasa, ko tsabtar muhalli, ko nazarin tasirin ayyuka a kan muhalli. Ita ce za ta riƙe ka lokacin da aikin gwamnati ya yi wuya.

6. Ke ɗaliba, wannan fanni naki ne kamar yadda yake na ɗan'uwanki. Mata ne suka fi sanin nisan rijiya da wahalar zuwa ɗakin haihuwa, kuma akwai gidajen da ma'aikaci namiji ba zai shiga ya yi tambaya ba. Iyaye su ma su duba wannan.

Idan abin da kake nema shi ne albashi mai sauri, akwai hanyoyin da suka fi wannan gajarta. Idan kuwa kana da haƙuri, kana son ƙasa da taswira da hulɗa da jama'a, to jihar da ta fi kowace yawan mutane a Nijar tana da aikin da zai ishe ka har ka yi ritaya. Ka fara da abin da ke gabanka: damina mai zuwa, bayan ruwa ya ɗauke, ka zagaya garinku da takarda da fensir, ka rubuta inda ruwan ya bi, da inda ya tsaya, da gidajen da ke kan hanyarsa, ka kai wa mai gari da hukuma.